Shafi na Uku da Ban Karanta Ba

Unguwar Hausawa, kusa da Hajj Abdalla
12 ga Maris, 1998

Zuwa ga ƙanena Mujtaba, a Madras.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, karatun haɗa magunguna yana tafiya, kuma cikinka ya daina faɗa da barkonon mutanen nan. Allah ya tsare mana kai a ƙasar da ba ka da kowa. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa, Inna ta rame amma tana tsaye. An gama tsinar auduga, hawashar Baba, wato gonarsa, ta yi kyau bana, sai dai ba wanda ya samu bakin murna. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, don labarin ɗan'uwanmu Jibo ne, kuma ina da laifi a ciki.

Kaset ɗin da ka ba ɗan unguwarmu Abdussalami ya iso tare da wasiƙarka. Da farko raina shi muka yi: tsohon fim baƙi da fari, ga yaren Tamil ɗin nan da ba mai jin ko kalma ɗaya, ba fassarar Larabci a ƙasa. Amma da aka saka shi a nadi, kulob ɗin unguwa inda samari ke kallo, sai gari ya rikice. Jarumin nan mai siririn gashin baki yana lilo da igiya daga wannan jirgin ruwa zuwa wancan, yana faɗa da mutum goma a kan matakala yana murmushi. Har mu mata sai da aka ware mana hantsin Talata. Tunda ba mai jin yaren, kowa ya zama tafinta, kuma ka san Jibo ba ya bari a riga shi baki. Shi ya gano cewa zaren da uwar jarumin ta ɗaura masa a hannu kambun tauri ne. Hujjarsa ita ce wurin nan na ƙarshe, inda mugun waziri ya kawo sara, jarumin ya tare da hannu, takobin ya koma baya. Tun bara Jibo ya sha tauri wurin tsoho Sodangi, yana jan wuƙa a ciki a dandali ba ta kama shi. Sai ya ce ashe Indiyawa ma 'yan tauri ne, kuma abin da ɗan Indiya ya yi, jikan waɗanda suka taho daga Sakkwato da ƙafa ba zai kasa ba.

Wasiƙarka shafi uku ce, kuma kamar kullum ni na karanta wa gida a tsakar gida. A shafi na uku ka ba da labarin tsohon da ka samu a shagon shayi, wanda ya koya wa 'yan fim ɗin wasan takobi yana saurayi. Ka ce ya kai ka ɗakinsa ya nuna maka takobin, ashe gwangwani ne marar kaifi, har ka lanƙwasa shi da hannu. Ka ce kowane sara ƙirga shi ake yi kamar takun rawa, faɗan matakala kaɗai sai da suka yi mako uku suna maimaitawa, jinin tawada ne, ƙarar ƙarfen kuwa daga baya ake sa ta da murafen tukwane. Ka ce a ƙarƙashin hannun rigar jarumin akwai farantin ƙarfe da aka ɗaure da fata. Ranar Baba yana ta faɗa cewa karatu aka tura ka, ba yawon silima ba. Da idona ya sauka kan shafin, sai na tsallake shi na tafi kan gaisuwa, don in rufa maka asiri. Na ninke shi na sa a akwatina ƙarƙashin zannuwa. Bayan haka na sha jin Jibo yana cika baki, ni kuwa ina dariya a zuciyata, ina cewa bari ya ci gaba da shirmensa.

Ranar bikin maƙwabciyarmu Hanaa bayan la'asar, maza suna taka rawa da sanduna, sai ga Jibo ya fito da takobin Kaka, wanda ya wasa da safe ba mu sani ba. Ya ɗaura kambu, ya miƙa wa Gambo ɗan Baffa Maliki takobin, ya ce ya sare shi a hannu yadda wazirin ya yi. Gambo ya ƙi har sau biyu. Jibo ya kira shi matsoraci a gaban 'yan mata, ya fizge masa rawani, ya mare shi. Ina tsaye wajen tukwane, nisan da murya za ta kai, amma ban buɗe baki ba, don ban ɗauka Gambo zai ɗaga ba. Ya ɗaga da hannu biyu. Jibo ya tare yana murmushi irin na jarumin. Na ji ƙarar da ake ji idan mahauci ya sami ƙashi. Takobin ya shiga ƙasa da gwiwar hannu ya tsaya a ciki, jini ya yi tsartuwa har kan farar jallabiyar ango. Jibo ya tsaya yana kallon hannun yana reto, kamar ba nasa ba, sannan ya faɗi.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Su Nuraddeen, abokan Jibo, suka far wa Gambo da sandunan rawa, suka fasa masa kai, suka zubar masa da haƙora huɗu, shi ko kare kansa bai yi ba, kuka kawai yake yi. 'Ya'yan Baffa Maliki suka shigo, aka kife tukwane, aka karya wa Almu abokin Jibo haƙarƙari, wani ya ruga nadi ya farfasa talabijin da tabarya. Inna ce ta yage mayafinta ta ɗaure dantsen Jibo. An saki ruwa a gonaki a makon, hanya duk laka, motar da muka sa Jibo sai da aka jawo ta da tarakta. Kafin mu kai asibiti a birnin Madani yatsunsa sun yi baƙi. Likitoci sun yi kwana huɗu suna ƙoƙari, muna addu'a a bar masa shi ko da ba zai riƙe fartanya ba. A na biyar suka yanke shi. Hannun dama ne, Mujtaba.

Sodangi yana yawo yana cewa Jibo ne ya karya dokar maganin, wai ya ci abin da aka hana shi, Jibo kuma ya yarda, yana ta tunanin me ya ci. Wannan ne na kasa jurewa. Shekaranjiya na ɗauko shafin na zauna bakin gadonsa na karanta masa duka. Bai katse ni ba. Ya ce in maimaita wurin farantin ƙarfe, na maimaita. Sai ya tambaye ni yaushe takardar ta zo. Na ce kwana arba'in kafin bikin. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya juya fuskarsa bango, kuma tun daga lokacin ko ruwa na kawo sai Inna ta karɓa ta miƙa masa. Mutumin da ba ya wuni bai tsokane ni ba, yau kwana biyu bai ce mini Yaya ba.

Ka rubuto masa takarda da sunansa, ka rubuto wa Baba wata, ka ce ya je ya duba Gambo, don yaron nan ba shi da laifin da ya kai nawa. Kada ka ji tsoron faɗan Baba, ni ma na daina tare maka. Inna tana gaishe ka, haka Mairo da yara, da Abdussalami. Baffa Maliki bai aiko da gaisuwa ba, ba zan ƙirƙira maka ita ba. Wannan takarda ma shafi uku ce, ka karanta ta duka.

Yayarka,
Hadizatu