Takalmin Hagu a Birnin Aljanu

Tambuwal,
Lahadi.

Zuwa ga Yaya Atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya gwiwar? Yaya zafin Zariya, idan har abin da kuke yi can ya isa a kira shi zafi? Matata Hinde tana gaishe ki. Na ba Bube direba wannan takarda, tunda kunnenki ya daina shiri da waya.

Bayan haka, cikin alhini nake sanar da ke ɓatan takalmina na ƙafar hagu, wanda ya auku jiya da hantsi a ƙofar fadar Sarkin Aljanu. Ya bar ɗan'uwansa na dama, da ni.

Ga yadda aka yi. Kin san bara autanmu Mu'awiya ya ba wasu masu shirya fim aron gefen gonarmu ta gado a Fakku, suka gina birnin aljanu, suka yi wasansu suka tafi. To fim ɗin ya fita, ya shiga wayoyin jama'a, yanzu mutane na zuwa ganin wurin. Daga Kebbe, daga Dogon Daji, har daga Sakkwato. Hinde ta matsa sai ta gani, ni kuma ina da maganar da zan yi da Mu'awiya, sai muka tafi tare.

Daga gaba, ganuwar ta yi kama da aikin da ba hannun mutum ya yi ba. Daga baya kuwa, katako ne da buhunan siminti da aka shafa wa fenti, an tokare su da sanduna, ga akuya kwance a inuwa tana tuƙa. Akwai dodo mai kai uku, na tsohuwar taya da ƙwarya. Gadon sarautar kujerar aski ce aka lulluɓe da takarda mai ƙyalli. Amma ga 'yan kabu-kabu a jere, ga mata masu fura da kunun aya, ga samari sun ɗaura takobin kwali ana ɗaukarsu hoto. Ni da na tsufa ina koyar da tarihi, ban taɓa cika ko Keke Napep da masu son ganin ganuwar gaske ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, duk wanda ya isa ƙofar fadar sai ya tuɓe takalmi ya yi sallama. Wani dattijo har da durƙusawa. Na ce da Hinde ki duba, ana gaida kujerar wanzami. Ta ce to in shiga da nawa mana. Na duba, kowa ƙafa ba takalmi, sai na ga ba ni zan fara rashin kunya a gidan mutane ba. Na tuɓe. Da na fito, ɗaya ya yi gaba. Da silifas ɗin masallaci na dawo gida.

Yanzu ga maganar. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kin tuna abin da Baba ya ce kafin ya rasu: kada damina ta wuce gonar nan ba shuka. Na gaya wa Mu'awiya a rushe wannan tarkace kafin ruwa ya sauka. Sai ya ce, “Yaya, in ka rushe shi, ni kau ramin zinari nika tafiya.” Ban ɗauka da zafi ba. Wannan fa shi ne wanda ya koyi ɗinki ya bari, ya buɗe cajin waya ya rufe, ya yi kiwon kaji har kajin suka gaji da shi. Wasan yara ne, zai wuce.

Ki gaida Alhaji. Idan kin ga takalmi mai lamba ta, ki tuna da ni.

Naki ƙane,
Abdurra'uf

Tambuwal,
Laraba.

Yaya Atu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Takardarki ta iso. Na karanta inda kika ce in bi yaron a hankali, da inda kika ce tun ina ƙarami bakina ya fi ƙafata sauri. Na karɓa, duk da yanzu ƙafar tana da uzuri.

Ban kai ga rushe komai ba. Na aika a kira gayya ranar Asabar, sai ga shi ranar Alhamis da ta wuce da la'asar Allah ya aiko da tasa gayyar. Iska ta fara, ruwa ya biyo baya. Bube ya ce min ganuwar ta kwanta gaba ɗaya, fentin ya bi ruwa, buhuna sun watsu har gonar maƙwabta. An tsinci kan dodo ɗaya a saman tsamiyar maƙwabcinmu Ɗangiwa, shi kuwa ya ce ba mai sauke masa shi sai an biya shi tsoron da matarsa ta ji. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na ce da Hinde aljanun da ba su iya tare ruwan farko ba, gara su nemi wata sana'a. Ba ta yi dariya ba.

Jiya Kamila, matar Mu'awiya, ta kira Hinde tana kuka. Ta ce tun da abin ya faɗi bai ci abincin kirki ba. Ya sayar da wayarsa ya sayi shebur da tocila mai ɗaurawa a goshi, ya haɗa jaka. Ranar kasuwar nan mai zuwa zai bi mota da wasu samari zuwa wajen haƙar zinarin. Kamila kuwa kin san tana da tsohon ciki.

Yaya, kin san ɗan Ɗangiwa na fari can ya tafi. Ramin ya rufta, ko gawa ba a kawo ba, sai rigarsa. Tun jiya nake buɗe littafi ina rufewa. Duk abin da Mu'awiya ya ce zai yi a baya, sai ya yi wata yana faɗa a majalisa. Wannan karon bai gaya wa kowa ba, shebur kawai ya saya. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Zan je Fakku ranar kasuwar. Maganar Baba tana nan, ba zan janye ta ba, amma zan je. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Abdurra'uf

Tambuwal,
Juma'a.

Yaya Atu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya ke da mutanen gida. Ruwa ya zauna a nan, alhamdu lillahi, kowa yana gona. Ki kwantar da hankalinki, ki karanta har ƙarshe.

Ranar kasuwar na isa Fakku da safe, na samu Mu'awiya a bakin hanya daidai gonar, da jakarsa da shebur, yana jiran mota. Na yi masa wa'azi irin nawa, da ayoyi da misalai. Ya saurara da ladabi, kamar yadda ɗalibaina ke yi idan sun ƙosa a buga ƙararrawa. Ban motsa shi ba ko kaɗan.

Sai ga motar. Kafin ya ɗaga jaka, mutane suka fara sauka: wasu mata da yaransu daga Jega, da wani tsoho da jikokinsa. Birnin Aljanu suka zo gani, ba wanda ya gaya musu ya rushe. Na buɗe baki zan ba su haƙuri, sai wata yarinya ta nuna Mu'awiya ta ce ai shi ne mai ba da labari, ta gan shi a wayar yayarta. Direba yana ta danna oda. Mu'awiya ya ce masa ya ɗan jira.

Ya kai su cikin taɓo, inda babu komai sai karyayyun sanduna. Ya ce musu sun yi sa'a, sun zo washegarin yaƙi. Ya nuna inda ganuwa ta tsaya da inda rundunar iska ta fasa ta. Ya nuna tsamiyar Ɗangiwa, ya ce ga kan dodon can inda aka sare shi. Yana sauya murya, yana tafiyar tsoho, yana tafiyar jarumi. Ran nan da na zo, ina can baya ina ƙirga sanduna, ban tsaya na ji shi ba. Yaya, wannan yaron da a gida sai an ja magana daga bakinsa, na ga tsoho yana ɗaga kai yana kallon saman hasumiyar da babu ita. Da suka isa inda ƙofar fada take a da, suka tsaya suka tuɓe takalma, a cikin taɓo, ba ƙofa ba kujera. Direban ya gaji ya tafi. Mu'awiya bai ko waiwaya ba.

Da suka watse muka zauna. Na ce Baba ya ce kada damina ta wuce ba shuka, bai ce kowane taƙi ba. Na bar masa kusurwar da ke bakin hanya, sauran mun shuka gero jiya. Zai kafa zana yanzu, bayan kaka a yi ginin ƙasa wanda ruwa ba zai ɗauka ba. Shebur ɗin zai yi amfani. Ya ce, “Awo, Yaya,” ya ɗauki jakarsa ya kai ɗaki. Kamila ta dama mana fura.

Takalmin kuwa an gan shi. Kare ne ya ja shi bayan ganuwa, ruwa ya tono shi. Na miƙa hannu, Mu'awiya ya ce a'a. Ya rataye shi a kan sanda, yana gaya wa baƙi takalmin wani babban malami ne da ya yi wa Sarkin Aljanu gardama, ya tsere da ƙafa ɗaya. An ce shi aka fi ɗauka hoto.

Na ce wasan yara ne, zai wuce. Ban faɗi daidai ba. Kada ki nuna wa Hinde wannan layin.

Ki gaida Alhaji da yara.

Naki ƙane,
Abdurra'uf