Irin Shuka Ba Maguzanci Ba Ne

Ƙanena Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya zafin Legas? Mu lafiya lau.

Tun shekarar babban fari muke kai irin dawa coci ranar Waliyyi Isidoro manomi, a sa masa albarka. Bana sabon katikis, malamin cocinmu, wanda aka yi wa baftisma a idona, ya hana, wai maguzanci ne. Na ce, "Kai, mai shukan da ka karanta mana a Linjila, tsakuwa ya shuka?" Sai ya ce in zauna, ban yi boko ba!

Ga damina ta kusa, kuma ba na shuka iri babu albarka. Ku sa mu a addu'a, ka gai da yara. Gobe da sassafe zan hau babur da ƙwaryar irina har gidan Fada, limamin cocinmu, a Malumfashi.

Yayanka,
Audu