Jar gyaɗar da na ɓoye a tukunyarki

Zuwa ga Innata, wadda ke kwance a maƙabartar Taba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san ba a aika wa mamaci takarda. Amma shekara shida ke nan ba ni da wanda zan kai wa laifina ya zage ni son ransa, sannan ya ba ni ruwa in sha. Masu karantawa a waya su karanta, da ke nake.

Inna, jikokinki ci suke yi kamar an aiko su. Ummi takwararki ta shiga sha ɗaya, Sabi'u yana takwas, sai Habu da ba ki gani ba, shekararsa huɗu. Da safe su sha koko su ci ɗumame, kafin in gama wanke kwanuka Sabi'u ya dawo yana dafe da ciki wai yunwa. Su kankare ƙanzo, su tauna ɗanyen dankali, su jiƙa garin kwaki, su lashe sukarin da na ajiye don baƙi. Lokacin rake kuwa tsakar gidana sai ka ce bakin kasuwar Makarfi don ɓawo. Habu har dunƙulen magi na taɓa zaro masa daga kumatu, yana tsotsa yana lumshe ido.

Mu ma haka muke, ban manta ba. Amma ke ƙwarya kika ajiye a bakin ƙofarki, kullum da wani abu a ciki, ko gyaɗa, ko dafaffen rogo, ko guntun tuwo. Abin da kike cewa kawai: "Ku ɗiba ku rage wa na baya." In Baba ya yi ƙorafi sai ki ce, "Malam, girma suke yi, da me kake so su yi shi?"

Ni ban gado ki ba. Rumbunmu kan yi ƙasa tun damina ba ta faɗi ba, ina kallon hatsi yana tafiya, zuciyata na tafasa. Sai na fara ɓoyo. Babbar tukunyarki da na ɗauko daga Taba bayan sadakar arba'in, ita na mayar ma'ajiya a ƙuryar ɗaki. Ƙuli-ƙulin miya, mazarƙwaila, soyayyar gyaɗa, duk a ciki, na rufe da faifai na ɗora tabarma. Ko sati ba a yi ba suka gano.

Daga nan na koma duka. Tsohon bel ɗin keken ɗinkina, na fatar nan, shi na rataye a ƙusa. In na ga an taɓa tukunya sai in jera su a rana, in duba tafin hannu, in sansana baki. Wanda na ji ƙanshin ƙuli a bakinsa ya shiga uku. Na taɓa fasa wa Sabi'u leɓe da ludayi a kan rabin mazarƙwaila, jini na zuba a rigarsa ta makaranta ina ce masa ya yi mini shiru. Ba na ɓoye miki komai, Inna, haka na yi.

Cin bai ragu ba. Wayo kawai suka ƙaro. Suka koyi wanke hannu da toka, suka koyi kurkure baki sau biyu. Ummi kuma ta koyi matsowa gaba ta ce, "Ni ce, Mama." Na san ba kullum ba ne ita. Amma hannuna ya riga ya ɗaga, yana neman inda zai sauka, ita kuma ta miƙo baya.

Bana bayan ruwa na biyu maigidana Malam ya ɓare gyaɗar iri, ya cuɗe ta da jan maganin nan da ake sa wa iri don kada ƙwari da ɓeraye su tone shi. Ya ƙulle a leda, ya ce zai je Ikara neman taki, in ajiye masa inda yara ba za su kai ba. Kin san inda 'yarki mai hankali ta saka? A cikin tukunyarki. Tukunyar da na shekara biyu ina koya wa yara cewa duk abin daɗin gidan nan a cikinta yake.

Da hantsi na kai wa maƙwabciya ɗinkinta, na dawo na tarar da faifai a karkace. An yage ledar, an ɗebi wajen cikin hannu biyu.

Da ke ce, da kalma ɗaya za ki fara faɗa: guba. Ni ban faɗa ba. Kafin bakina ya buɗe hannuna ya riga ya cire bel daga ƙusa. Na fito ina ihu, "Wa ya taɓa tukunya?" Suka jeru da kansu kamar yadda na saba musu. Hannuwa tas, har da danshin ruwa. Habu ya laɓe a bayan yayarsa yana riƙe da zaninta. Ummi ta matso ta ce, "Ni ce, Mama."

Inna, na doki mai sunanki kamar ba ni na haife ta ba. Tsoro ne ya cika ni, amma da duka ya fito. Na zuba mata bel a baya, a wuya, a hannun da ta kare fuska da shi, har bel ɗin ya tsinke. Na kayar da ita ƙasa na danne ƙirjinta da gwiwa, na toshe mata hanci na ɗura mata manja tana shaƙewa. Na cusa yatsu a maƙogwaronta har haƙorinta ya yanke ni. Ta yi amai, koko ne da manja. Da idona na ga babu ko ƙwayar gyaɗa a ciki, amma hankalina bai tsaya ya tambayi dalili ba.

Na ja ta a ƙasa har zaure, na ƙwala wa Isuhu ƙanin Malam kira. Ya tayar da mashin muka kama hanyar asibitin Makarfi, ita a tsakiya. Duk tsawon hanyar nan daga garinmu Gazara ina mintsinin cinyarta don kada ta yi barci. Ba ta yi kuka ba.

Muna shiga na kama hannun malamar asibiti na ce, "Ki taimake ni, guba ta ci, gyaɗar iri mai magani." Sai Ummi ta juyo ta dube ni da kumburarren leɓe. Ta ce, "Mama, guba ce?" Sannan ta fasa wata ƙara da har yau nake jin ta a kunnena. "Habu ne! Habu ne ya ci! Ni na wanke masa hannu!"

Ita a zatonta maganar duka ce kawai, irin na kullum. Ta karɓar wa ƙaninta, ta ɗauka an gama.

Wayata na bar ta a kan keken ɗinki, babu wanda zan kira. Na bar Ummi a wurin, muka juya da Isuhu. Ban san yadda muka iso ba. Na tarar da Sabi'u a tsakar gida da tsintsiya, yana barbaɗa toka a kan jan amai yana sharewa. Yana ganina ya yar da tsintsiyar ya rufe kansa da hannu biyu. Sau uku ina tambayarsa ina Habu kafin ya nuna bayan rumbu. Can ya ja shi ya lulluɓe shi da buhu, don kada in dawo in gani in dake shi.

Na yaye buhun. Kumfa a bakinsa, miyau ya jiƙe masa wuya, ƙafafunsa na fizga, idanun sun juye. Na ɗauke shi, jikin nan da ke cinye mini gida bai fi nauyin kaza ba a hannuna.

Kwana uku muka yi a asibiti. Malamar da ta wanke wa Ummi baya ta tambaye ni wa ya yi mata haka. Na ce ni ce. Ta yi mini faɗa a kan manjan, ta ce da ya bi ta hanyar numfashi da yara biyu za su kwantar. Malam ya iso daga Ikara, ya ɗaga rigar 'yarsa ya ga sawun bel, ya sauke a hankali ya fita waje. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Allah Ya tashi kafaɗar Habu. A rana ta uku ya buɗe ido, ya dube ni, ya ce, "Mama, akwai ƙosai?" Na fita da gudu na sayo, na zauna ina kallonsa yana ci ina kuka, masu jinya na ba ni haƙuri.

Yanzu iri da magani suna ɗakin zaure, Malam ya sa kwaɗo. Tukunyarki na fito da ita ƙarƙashin bishiya, ruwan sha ne a ciki. Na sami ƙwarya na ajiye a bakin ƙofa kamar taki. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu in na ga an share ta kafin azahar raina yakan ɓaci, idona ya kai kan ƙusar nan. Babu komai a jikinta, amma yana kaiwa.

Jiya na soya gyaɗa na zuba a ƙwaryar, na ce kowa ya ɗiba. Habu ya cika aljihu biyu, Sabi'u ya cika baki yana kallona ta gefen ido. Ummi ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta shiga bayan ƙofa ta ci. Da ta gama ta ɗauki buta ta wanke hannu, ta kurkure baki sau biyu, ta zo gabana ta buɗe mini tafukanta ba tare da na tambaya ba. Na riƙe hannuwan nan masu sanyi, na rasa abin da zan ce mata. Ke da kin sani, Inna. Shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Allah Ya jiƙanki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowace loma da kika bar mu muka ci babu tsoro. Allah Ya yafe mini abin da hannuna ya yi, Ya sanyaya mini zuciya. Ya nuna mini ranar da takwararki za ta ci abu a gabana, ta tashi da maiƙo a baki ta tafi wasanta. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza, daga Gazara.