Kwamfutar da Ka Turara

Zuwa ga Badamasi, sanyin idona, inuwar mangwaro a tsakar ranar unguwar New Bell, iskar teku bayan la'asar, mai turaren da layin kasuwa kan ji tahowarsa kafin a hango hularsa.

Bayan gaisuwa, ga labarin marar lafiyarka, kwamfutar nan taka. Ka tuna ranar da ka fara kawo mini ita a kan benskin, babur ɗin haya, ruwa na zuba, ka rungume ta cikin riga kamar jaririya? Ka ce an faɗa maka 'yar gidan Goggo Rakiyatu, wato ni, wadda rikici ya koro daga Buea, kwamfuta take karanta. Na danna, ta yi haske, ta yi ajiyar zuciya, ta mutu. Na sake, ta sake. Kai kuwa ba ita kake kallo ba, kuma na gani.

Na cire batir na bar ta da caja, ta mutu. Na sauya caja, ta mutu. Na zargi courant ɗin unguwarmu, lantarkin nan da bai san alkawari ba, na kai ta ofishin ƙawata a Bonanjo inda wuta take da tarbiyya. A gaban masu kwat ma ta kunyata ni. Abin da ya ɗaure mini kai, duk ranar da ka karɓe ta ka dawo da ita, sai ciwon ya ƙaru.

Jiya na kwance bayanta. Ya farin watana, me zan gani? Fankar da ke fitar mata da zafi ta daskare da baƙin danƙo, ƙamshi ya tashi har Goggo ta leƙo tana tambayar wa ya kawo amarya. Jibirilla maƙwabcin shagonka ya ƙarasa mini labarin: kafin ka taho gidanmu, kana ɗora ta bisa kaskon turare tare da babbar rigarka, don kada ta zo wurina ba ƙamshi. Wayyo! Na yi dariya har hawaye, sannan hawayen suka ƙi tsayawa. Wa ya taɓa girmama ni haka, har ya shaƙe na'ura saboda ni?

Na wanke fankar da tsohon buroshi. Yanzu tana tashi lafiya lau, hujjarka ta zuwa gidanmu ta ƙare.

Saura kai, taurarona. Sau nawa ka buɗe baki a ƙofar nan, fuskarka ta yi haske, ka ce «Zulfa, dama...», sannan ka ɗauke? Kawu Wakili ya samo mini gurbi a jami'ar Ngaoundéré in ƙarasa karatun da bindiga ta katse. Ƙarshen wata zan hau jirgin ƙasa, kuma zan tafi ko ka yi magana ko ba ka yi ba. Sai dai ina so in tafi da sunanka a bakin manya, ba a zuciyata kaɗai ba, inda ya cika wuri har numfashi na yi mini wuya.

Kawu yana gida ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ka zo da yayanka. Kunnensa na hagu ba ya ji, ka zauna a damansa, ka ɗaga murya, ka kai maganar ƙarshenta.

Taka, muddin kogin Wouri na gangarawa teku,
Zulfa