Layin da na kashe a kwamfutar taubashina

Gwaggo Fatu, a taimaka min, tsokana ta kai ni inda ban nufa ba.

Ni allo kawai na yi, boko kuwa a waya na tsince shi. Taubashina Musaddiƙ shi ne ɗan boko, yana aiki a wani ƙaramin kamfani nan Kazaure da ke tura wa manoman Roni da Gwiwa da Babura saƙon ranar rabon taki. Tun muna yara nake sa shi kuka, kuma ba mai hana ni, ai taubashi ne.

Ran nan ya zaunar da ni yana min burga. Wai akwai tsohuwar manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta mai suna C, ita ke buɗe hanya tsakanin kwamfuta da intanet, su kuma suna naɗe kayanta cikin wani yaren mai suna Python don a riƙa sarrafa ta da sauƙi. Ya nuna min wani layi, ya ce abokiyar aikinsa Mu'minat ce ta rubuta shi, shi ke rufe kowace hanya idan an gama da ita. Har ya koya min cewa in aka sa alamar # a gaban layi, kwamfuta tsallake shi take yi. Ya ƙara da cewa ba lallai ɗan allo ya gane ba. To, na gane. Yana fita alwala na danna # a gaban layin nan.

Washegari suka gwada aikin gaban shugabannin manoma, na bi shi kallo. Hanyoyi suka yi ta buɗewa ba mai rufewa, har komai ya tsaya cak. Gwaggo, da kin ga gumin da ya jiƙa masa sabuwar shadda! Sai da na fita waje na riƙe ciki don dariya.

Matsalar, da aka bincika sai aka ce layin Mu'minat ne, ita ta kashe shi ta manta. Ta yi rantsuwa tana kuka, ba wanda ya yarda. Ranar Litinin za a sallame ta. Ni fa ba ita na nufa ba, ko gaisawa ba ma yi. Yaya zan gaya wa Musaddiƙ yadda zai yi dariya abin ya wuce?

Sarkin Tsokana, Kazaure

Ɗana, babu wannan hanyar, kada ka ɓata lokacin nemanta.

Na yarda ya raina ka, kuma wanda ya gane aikin wannan layi a zama ɗaya ba daƙiƙi ba ne. Amma wasan taubasai a gaban ido ake yin sa, a rama a watse. Kai ɓoyewa ka yi. Mu'minat kuma ba taubashiyarka ba ce, ba ta ɗauki wasa da kai ba. Na lura ka fi daɗewa kan gumin shadda fiye da hawayenta.

Kafin Litinin, ka je kamfanin da ƙafarka. Ka faɗi abin da ka yi gaban shugabansu da Musaddiƙ, ka nuna layin da yatsa yadda ba za a yi shakka ba. Shi ma zai sha faɗa don ya bar kwamfutar aiki a buɗe, wannan nasa ne. Sannan ka nemi yafiyar Mu'minat gaban duk waɗanda suka ƙaryata rantsuwarta. In ta ƙi kallonka, ka haɗiye.

Ba wanda zai yi dariya. Wannan karon kai za ka yi gumin. Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya tsare wa yarinyar nan aikinta.

Gwaggo Fatu