Mita Ɗaya Daga Taga

Litinin, 3 ga Maris

Yau jikata ta shigo shagona da takarda a naɗe. Aikinta na farko tun da ta gama karatun injiniya: hanyar fitar hayaƙi a kicin ɗin wani sabon gida mai bene. Ita ta zana, sa hannunta ne a ƙasa. Kuma duk maƙeran kwanon garin nan ni ta zaɓa in haɗa mata!

"Tsoho, hannunka dai bai fara rawa ba ko?"

Na ce yarinya, tun uwarki na rarrafe nake lanƙwasa kwano.

Da kaina na karanta sunanta, har sau uku. Da ban shiga makarantar yamma da furfurata ba, da sai an karanta min.

Laraba, 5 ga Maris

Zanen nan abin kallo ne. Faɗin hular da za ta rufe saman murhu, nisanta da tukunya, kaurin bututu, komai da lambarsa. Ta ce kowace lanƙwasa tana rage wa fankar da ke zuƙe hayaƙin ƙarfi. Ni a hannu na san haka, ita har lissafinsa ta iya. Na kai wa mai walda na kusa da ni ya gani. A zuwa na uku ya ce don Allah in bar shi ya yi aiki.

Asabar, 8 ga Maris

Na kafa. A zanenta bututun sai ya bi bango har ƙarshe kafin ya fita. Na ga zagaye ne kawai, sai na huda bangon kai tsaye. Na riƙe guntuwar takarda a ƙarƙashin hular, fanka ta fizge ta. Za ta sha mamaki.

Litinin, 10 ga Maris

Ta zo, ta fita waje, ta ɗaga kai. Ta hau tsani ta ja tef daga bakin bututu zuwa tagar ɗakin kwana na sama. Taƙi biyu.

"Kaka," in ji ta. Da na ji ba Tsoho ba, na san da magana. Wai dokar gini ta ce aƙalla mita ɗaya daga kowace taga. Mai duba gini zai zo Alhamis. In ya ga wannan ba zai sa hannu ba, masu gida ba za su tare ba, kuma sunanta ne a takardar.

Na ce ai hayaƙi sama yake tafiya.

"Haka ne. To me ke saman?"

Na ce shekara arba'in ina yin haka, ba wanda ya mutu. Ta ce mai kwana a ɗakin ba mutuwa zai yi ba, tari zai yi ta yi yana ɗora wa sanyi laifi.

Na kwashi kayana na tafi.

Talata, 11 ga Maris

Ban je ba. Tsohuwa, matata, ta same ni a zaune ta ce, "Malam, ka cika unguwa da injiniya, injiniya. Yau injiniyar ta yi magana kuma ka kumbura?" Tarin nan nata na kullum ne ya katse ta, da ba ta tsaya nan ba.

Abin da ya tsaya min: muryar yarinyar na rawa, idonta ya kawo ruwa, amma ba ta janye ba. Ni a shekarunta ko idon maigidana ba na iya kallo.

Laraba, 12 ga Maris

Na je da sassafe, na tarar da ita a kan tsani tana kokawa da ƙusoshina ita kaɗai. Na ce sauko kafin ki ɓata min kwano. Ta riƙe, na haɗa, layi-layi yadda ta zana. Ramin da na huda ni na toshe abina.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai duba gini ya auna. Mita ɗaya da rabi. Ya kunna fanka, ya bi mahaɗar kwanon da yatsa, ya ce wa ya yi wannan?

"Kakana ne."

Ya sa hannu! Na zagaya bayan motarsa kamar wani abu ya faɗa min a ido.

Asabar, 15 ga Maris

Ba wani abu yau. Na ɗan zagaya bayan gidanmu da tef. Bututun kicin ɗinmu, wanda na kafa da hannuna shekarar da muka tare. Taƙi ɗaya ne tsakaninsa da tagar da gadon tsohuwa yake.

Na sake aunawa.

Ta leƙo ta tagar ta ce me nake aunawa. Na ce kwanon ne ya yi tsatsa, zan canza.

Bai yi tsatsa ba.

Na aika wa jikata ta zo gobe, ta taho da fensirinta.