Aska Takwas ta Karkace

Limancin Kona, Zariya

Zuwa ga Gwaggo Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti?

Gwaggo, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Tun bara ɗinkin Kaka yake karkacewa. Idan ya tafi masallaci sai in ɗauki rigar, in warware inda ya kauce, in mayar daidai. Jiya ya ɗaga wata mai aska takwas yana ce min, "Amarya, zo ki ga aikin mijinki! Wai ni za a kai awon ido?" Yana miƙewa ya yi tuntuɓe da butar da ke gefen ƙafarsa.

Ina tuna lokacin da zauren nan yake cika da maɗinka, kowa da riga a cinya, rediyo na yi, ni ina sa musu zare a allura suna ba ni alewa. Yanzu shi kaɗai ya rage. In ya daina, zauren ya mutu.

Ki gaishe min da su Umair.

'Yarki,
Tayyiba

Kaduna

Tayyiba 'yar albarka,

Wa'alaikumus salam. Sabo direba ya kawo takardarki. Ashe da hannunki nake gardama! Duk kiran da zan yi wa Baba, amsarsa ɗaya ce: "Mai ciwon ido ne zai yi wannan ɗinkin?"

Ki saurara. Binciken da muke yi a kan hawan jinin ido ne, muna auna iyalan da cutar take bi. Mahaifinsa, Malam Idi, makancewa ya yi, da sanda ya ƙare. Ta gefe take cin gani, ba zafi. Wanda ya tafi ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa yana tsare saura. Likitocinmu za su zo Zariya mako mai zuwa, har ke za a auna. Ni ba zan tona ki ba, amma kowace rigar da kika gyara, lokaci ne yake wuce shi.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

Limancin Kona

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Yau ban taɓa rigar da yake ɗinkawa ba. Da Kaka ya dawo daga azahar ya bi ɗinkin da yatsa. Can ya ce, "Amarya, yaji kika yi ne?"

Na kasa ɗago kai.

Ya ce, "Ni na koya miki riƙon allura. Zan kasa gane hannunki?"

Na gaya masa zancen likitocin. Bai ce zai je ba. Mai rigar zai zo Juma'a, tana nan a karkace. Ba zan ƙara gyara masa ba sai ya je.

Ki huta lafiya.

Tayyiba